'Yan Sifaniya da 'Yan Indunusiya a Ƙetare: Wa Ya Fi Samun Rufin Asiri, Kuma Don Me?

Tambaya: Malam, ina karatun tattalin arziki, an ba mu aikin kwatanta al'ummomi biyu da ke zaune a wajen ƙasashensu. Na zaɓi 'yan Sifaniya da 'yan Indunusiya. Wa ya fi wani abin hannu a cikinsu, kuma me ya jawo bambancin? Wani abokina ya ce ai Turawa sun fi ƙwazo da tsari ne kawai.

Amsa:

In abin da ke shiga aljihu a wata za a duba, da irin ɗakin da mutum ke kwana, da abin da zai tarar ranar da ƙarfinsa ya ƙare, to 'yan Sifaniya sun yi wa 'yan Indunusiya fintinkau. Wannan ba abin jayayya ba ne. Dalilin da abokinka ya kawo ne ban yarda da shi ba, domin magana ce da ke ɗora wa wanda aka ƙwara laifin ƙwarar da aka yi masa. Wanda ya san yadda ake saro 'ya'yan kwakwar manja a gonakin jihar Sabah ta Malesiya da doguwar sanda mai lauje a kai, ko ya san cewa 'yar aiki a Hong Kong ita ce farkon tashi a gida, ita ce kuma ƙarshen kwanciya, ba zai ce ƙwazo ne ya yi musu ƙaranci ba. Abin da ya raba su shi ne takardar da kowa ya shiga ƙasar mutane da ita, da abin da takardar ta halatta masa, da ƙarfin ƙasar da ke tsaye a bayansa.

Fara da sanin su wa kake ƙirgawa. Hukumar ƙididdiga ta Sifaniya tana da rajistar 'yan ƙasar mazauna waje. A 2009 mutum miliyan 1.47 ne a ciki, zuwa farkon 2025 kuwa sun haura miliyan 3. Mai gaggawa sai ya ɗauka mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka tattara komatsansu suka bar ƙasar a tsakanin. Ba haka aka yi ba. Waɗanda aka haifa a Sifaniya ba su kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Mafi yawa 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka yi ƙaura tun da daɗewa, an haife su a Ajantina ko Kyuba ko Meziko ko Benezuwela ko Faransa, da yawansu kuma sun karɓi fasfo ne a ƙarƙashin dokokin 2007 da 2022, waɗanda suka buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa ga zuriyar mutanen da yaƙin basasa da mulkin Janar Franco suka kora. Ajantina kaɗai tana da kusan rabin miliyan. Lauyan da aka haifa a Buenos Aires, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka Madrid ba, yana cikin lissafin, kuma albashinsa labarin Ajantina yake ba ka.

A ɓangaren Indunusiya lissafin ya fi wuya, don kusan rabin masu fita ba ta ƙofar hukuma suke fita ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 9 ne ke aiki a waje. Fiye da rabinsu suna Malesiya, sai Saudiyya, sai Taiwan da Hong Kong. Kusan kashi ɗaya cikin uku aikin gida da reno suke yi, sai masu aikin gona da leburorin gini. 'Yan ci-rani ne zalla: kwantiragin shekara biyu ko uku, iyali na gida, ƙasar da ake wa aikin kuma ba ta da niyyar riƙe su. Daga ƙauyukan Indramayu da Cirebon a yammacin tsibirin Jawa suke fitowa, da Cilacap a tsakiya, da Ponorogo da Blitar a gabas, da tsibirin Lombok. A gefe ɗaya ke nan kana da zaunannu masu gida da makaranta da ƙuri'a, a ɗaya gefen kana da baƙi masu wa'adi.

Sai ka duba inda kowa ya taso. Abin da ƙasa ke samarwa a shekara in an raba wa kowane mutum ya haura dala 30,000 a Sifaniya, a Indunusiya kuwa kimanin dala 5,000 ne. Mafi ƙarancin albashi a Sifaniya a 2025 yuro 1,184 ne, ana biyansa sau 14 a shekara. Saboda haka ɗan Sifaniya ba shi da dalilin barin gida don aikin da bai kai haka ba. Ƙasarsa ta riga ta yanke masa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. A lardin Jawa ta Tsakiya kuwa mafi ƙarancin albashi a 2024 rupiya miliyan 2 ne da 'yan kai, wato kimanin dala 130 a wata, ga kuma tarin mutanen ƙauye da ko wannan ba sa samu. Matar da ta tashi daga nan ta tafi Hong Kong, inda aka ƙayyade wa 'yan aikin gida dalar Hong Kong 4,990 a wata a ƙarshen 2024, wato kimanin dalar Amurka 640, ta ninka abin da za ta samu a gida kusan sau biyar. Ma'aikaciyar jinya daga Sevilla da ta koma Jamus albashinta zai ƙaru, amma ba zai ninka sau biyar ba, kuɗin haya kuma zai cinye wani kaso mai tsoka. Wannan yana da muhimmanci a aikinka: in tsallen da mutum ya yi daga inda ya taso kake aunawa, 'yar Indunusiya ce kan gaba. In kuma matsayinsa a ƙasar da yake zaune kake aunawa, ita ce a can ƙasa. Duka biyun gaskiya ne, kuma shi ya sa duk labaran cin zarafin da ake ji ba su hana ƙauyukan Jawa ci gaba da tura 'ya'yansu ba.

Bari in tsaya a Hong Kong, don a nan ake ganin yadda doka da kanta ke riƙe mutum a ƙasa ko da ana biyansa. 'Yan Indunusiya sama da dubu 140 ne ke aikin gida a birnin, kusan duka mata. Doka ta wajabta wa 'yar aiki kwana a gidan uwar ɗakinta, saboda haka ba ta da lokacin tashi daga aiki. In kwantiragi ya katse, ko da ita aka zalunta, mako biyu ke gare ta ta bar birnin in ba ta daidaita wata takardar ba. Duk wani baƙo da ya shekara bakwai a Hong Kong bisa ƙa'ida yana iya neman izinin zama na dindindin, ban da 'yar aikin gida. Babbar kotun birnin ta tabbatar da hakan a 2013. Tana iya shekara ashirin tana renon 'ya'yan mutane har su shiga jami'a, ba za ta iya kawo nata ɗan ko ta kama ɗaki da sunanta ba. Ga kuma bashin dillalai. Binciken da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a 2013 ya nuna yadda ake cire wa da yawansu dalar Hong Kong 3,000 a kowane wata har tsawon wata bakwai a matsayin kuɗin horo da kamasho, a lokacin da albashin gaba ɗaya bai wuce kimanin dalar Hong Kong 4,000 ba. Wadda ke ɗauke da wannan bashi ba ta da bakin cewa a'a. Erwiana Sulistyaningsih, wadda hotunan raunukan jikinta suka karaɗe duniya a 2014, har aka ɗaure uwar ɗakinta shekara shida, irin wannan ƙulli ne ya riƙe ta watanni a gidan da ake azabtar da ita.

Kada ka ɗauka matan nan zaune suke suna jiran tausayi. Ranar Lahadi filin shaƙatawa na Victoria cika yake da su, nan ake tarukan ƙungiyoyin ƙwadago, da karatun addini, da adashi, da darussan koyon sana'a. Ɗaya daga cikinsu, Eni Lestari, ta yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016. Mai cewa ba su da tsari bai san su ba.

A Taiwan 'yan Indunusiya ne suka fi yawa a cikin masu jinyar tsofaffi a gida. An ɗaga albashinsu zuwa dalar Taiwan 20,000 a 2022, alhali mafi ƙarancin albashin ƙasar a 2024 ya kai 27,470, domin dokar ƙwadago ba ta shafi mai aiki a cikin gida ba.

Malesiya ce babbar mahaɗa, kuma a nan ne talaucin ya fi gado. Harshe kusan ɗaya ne, addini ɗaya, ga iyaka ta ruwa da ta tudu da ake tsallakawa da kwale-kwale ko a ƙafa, saboda haka shiga ba tare da takarda ba abu ne mai sauƙi, zama ba tare da ita ba ne ke da tsada. Marar takarda ba ya kai ƙara in an hana shi haƙƙinsa, ba ya buɗe asusun banki, kullum kuma yana cikin fargabar kame da bulala da kora. A 2002, da Malesiya ta tsaurara dokarta, dubban ɗaruruwa suka kwararo gida, garin Nunukan da ke bakin iyaka ya cika ya batse, mutane da dama suka mutu a sansanoni. Gonakin kwakwar manja na ƙasar da hannun waɗannan mutane suke tafiya, an kuma ga haka ƙarara lokacin korona, da aka rufe iyaka 'ya'yan kwakwa suka riƙa ruɓewa a bisa don babu mai saro su. Amma a Sabah akwai yara dubbai da aka haifa a cikin gonakin, makarantun gwamnati ba sa karɓarsu, sai cibiyoyin karatu da gwamnatin Indunusiya da wasu ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi. Yaron da bai yi karatu ba sandar ubansa zai gada. A ganina wannan ne ma'auni mafi gaskiya na halin kowace al'umma a ƙetare, ya fi albashin uba faɗin gaskiya: ina ɗansa yake da ƙarfe tara na safe?

Game da Saudiyya ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Mun san kafili, mun san igama, mun san halin da 'yan'uwanmu mata masu aikatau a Jidda da Makka ke shiga in takarda ta ƙare ko mai gida ya riƙe fasfo. Abin da 'yar Lombok ke fuskanta ke nan, sau da yawa a unguwa ɗaya da tamu. A watan Yunin 2011 aka zartar wa Ruyati binti Satubi hukuncin kisa ba tare da an sanar da gwamnatinta tukuna ba, abin da ya sa Indunusiya ta dakatar da tura 'yan aikin gida Saudiyya a shekarar, a 2015 kuma ta faɗaɗa haramcin zuwa ƙasashen Gabas ta Tsakiya kusan ashirin. Niyyar mai kyau ce, amma talaucin da ke korar mata daga ƙauye bai tafi ba, sai suka koma bin dillalai da bizar ziyara ko ta Umara, suka ƙara nisa da kariyar hukuma.

To, yanzu koma Sifaniya, ka koma baya da shekara sittin zuwa saba'in. Za ka ga abin da zai ba ka mamaki.

A watan Agustan 1950 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Telémaco ya sulale daga La Gomera, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na Sifaniya, ɗauke da mutum 171, ba fasfo ba biza, suka nufi Benezuwela, guguwa da yunwa suka kusa gamawa da su a hanya. Tsibiran Kanari da jiragen katako daga Senegal da Muritaniya ke nufa a yau, a wancan zamani daga cikinsu ake gudu. Kafin nan, tsakanin 1880 da 1930, miliyoyin talakawan Sifaniya, da yawansu daga yankunan Galisiya da Asturiyas, sun tafi nahiyar Amurka suna dako da tsaron kanti da wanke-wanke. Kaɗan daga cikinsu sun dawo da dukiya, kamar Ramón Areces da ya fara a matsayin yaron kanti a Havana, ya dawo Madrid a tsakiyar shekarun 1930 ya sayi wani shagon tela, shagon da ya zama katafaren kamfanin El Corte Inglés. Irinsu ake ba da labari. Mafi yawa ba su sami irin wannan dukiya ba.

Zangon da ya fi kama da na Indunusiya shi ne na 1960 zuwa 1973. Gwamnatin Franco ta kafa hukumar tura ma'aikata waje a 1956, ta sa hannu a yarjejeniya da Jamus ta Yamma a watan Maris na 1960, sannan da Faransa da Suwizalan da Holan a 1961. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita zuwa Turai, kusan dubu 600 daga ciki zuwa Jamus. Likita ya duba haƙoransu da ƙirjinsu kafin a zuba su a jirgin ƙasa, aka sauke su a barikokin katako a gindin masana'antu. Matan Sifaniya su ne 'yan aikin gidajen masu kuɗin Paris, suna kwana a ƙananan ɗakunan da ke can saman bene. A Suwizalan ma'aikacin wa'adi wata tara ake ba shi a shekara, ba shi da izinin kawo iyali, har wasu iyaye suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a ɗaki ba makaranta ba wasa a waje. Kuɗin da waɗannan mutane suka aika gida, tare da na 'yan yawon buɗe ido, su suka toshe giɓin cinikin ƙasar da waje a shekarun da take gina masana'antunta. Mutanen da abokinka ke yaba wa tsari, kakanninsu a nan suke.

Me ya fitar da su? Abu na farko, mafi yawan mazan masana'anta da mahaƙar kwal da wurin gini suka shiga, wuraren da dokar ƙwadago ke aiki. A Jamus yarjejeniyar ta tanadi a biya su daidai da Bajamushen da ke irin aikinsu, a sa su cikin inshorar lafiya da fansho, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka karɓe su. A Faransa da Jamus wanda ya so zama ya zauna, ya kawo matarsa, ya sa ɗansa a makarantar unguwa. Iyaye 'yan Sifaniya a Jamus suka kafa ƙungiyoyi suka dage kada a ware 'ya'yansu a azuzuwan baƙi, kuma har yau ana kafa misali da nasarar da yaran suka samu a karatu. Anne Hidalgo, da aka haifa a lardin Cádiz a 1959, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Lyon tana ƙarama, uba mai gyaran lantarki, uwa tela, ita ce ta zama magajiyar garin Paris a 2014. Ka tambayi kanka ta wace hanya 'yar wata 'yar aiki a Hong Kong ko Riyad za ta bi ta kai irin wannan matsayi, alhali doka ba ta ma yarda ta shigo ƙasar ta zauna ba.

Abu na biyu, gida ya gyaru. Tattalin arzikin Sifaniya ya riƙa bunƙasa da kusan kashi 7 cikin ɗari a shekara a shekarun 1960, saboda haka da Jamus ta rufe ƙofar ɗaukar baƙi a ƙarshen 1973, waɗanda suka dawo sun tarar da abin yi. Wani ya sayi tasi, wani ya buɗe gidan abinci, wani ya sayi gida a birni. Sai ƙasar ta shiga ƙungiyar da ta zama Tarayyar Turai a 1986, daga 1992 kuma ɗan Sifaniya ya sami 'yancin aiki a ƙasashen ƙungiyar ba tare da neman izinin kowa ba. Ba dillali, ba kafili, in aiki bai yi masa ba ya ajiye ya nemi wani. Shekarun da ya yi aiki a Jamus da Faransa da gida ana haɗa masa su wuri guda ranar fansho. A ƙauyukan Galisiya akwai tsofaffin da fanshon Suwizalan ko na Jamus ke shigo musu kowane wata. Takwaransu na Lombok da ya ba gonar Malesiya ƙuruciyarsa yakan dawo ne da abin da ya iya tarawa kawai. Inshorar da gwamnatinsa ta wajabta masa ta hatsari ce da ta mutuwa, ajiyar tsufa kuwa ganin dama ce.

In kana neman hujjar cewa sharaɗin shiga ne ke yanke hukunci, akwai wurare uku da za ka duba. Koriya ta Kudu tana ɗaukar 'yan Indunusiya tun 2004 ta hanyar yarjejeniyar gwamnati da gwamnati, ana biyansu mafi ƙarancin albashin Koriya, won 9,860 a sa'a a 2024, kimanin dala 1,500 a wata. Samarin ƙauyukan nan ne dai, da irin karatun nan, amma abin da suke samu ya ninka na gonar Malesiya sau da yawa, duk da cewa su ma ba a yarda su kawo iyali ba, sauya wurin aiki kuma yana da wuya.

Holan ta fi bayyana abin. Bayan Indunusiya ta sami 'yanci daga mulkin mallakar Holan, mutum kimanin dubu 300, akasarinsu ruwa biyu masu jinin Turawa da na 'yan ƙasa, suka koma Holan. Suna da takardar zama 'yan ƙasa, suna jin harshen, kuma duk da wariyar da suka sha da farko, zuriyarsu ta saje da sauran jama'a ta fuskar aiki da karatu. A 1951 kuma aka kawo sojoji 'yan tsibiran Maluku na Indunusiya da suka yi yaƙi a rundunar Holan, su da iyalansu kimanin mutum 12,500. Suna sauka aka sallame su daga soja, aka zuba su a sansanoni, ciki har da Westerbork da Vught inda 'yan Nazi suka tsare mutane, aka ce zamansu na wucin gadi ne, da yawansu suka zama marasa ƙasa. Sai a 1976 aka yi dokar da ta daidaita matsayinsu, rashin aiki kuma ya yi wa 'ya'yansu katutu har cikin shekarun 1980. Daga tsibirai ɗaya suka fito, ƙasa ɗaya suka sauka, a zamani ɗaya.

A Amurka kuwa tazarar da kake nema kusan ɓacewa take. 'Yan Indunusiyan can ba su da yawa, kuma akasari ta ƙofar jami'a ko ta ƙwarewa suka shiga, ga 'yan Indunusiya masu asalin Sin da suka tsere bayan tarzomar Jakarta ta Mayun 1998. Alƙaluman cibiyar Pew na 2019 sun nuna gidansu na tsaka-tsaki yana samun kimanin dala 80,000 a shekara, sama da na gidan Amurka na tsaka-tsaki. Sehat Sutardja, haifaffen Jakarta, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin fasahar kwamfuta na Marvell a 1995. Amma a kudancin Philadelphia akwai marasa takarda da ke aikin masana'anta da gidajen abinci a ɓoye, halinsu kuwa ya fi kama da na 'yan'uwansu na Malesiya. Ka kuma yi hattara da alƙaluman ƙidayar Amurka a kan 'yan Sifaniya: cikin masu kiran kansu haka akwai iyalan jihar New Mexico da kudancin Colorado da kakanninsu suka zo tun 1598. Ba baƙi ba ne, kuma yankinsu yana cikin mafi talauci a ƙasar, saboda haka haɗa su da injiniyan da ya zo daga Barcelona bara zai ɓata maka lissafi.

Kada kuma ka rubuta cewa duk ɗan Sifaniya a waje yana cikin daula. Waɗanda suka gina shaguna a Kyuba gwamnati ta ƙwace musu shagunan bayan juyin juya halin 1959. Mutanen Kanari da Galisiya da suka tara abin duniya a Caracas sun ga hauhawar farashi ta mayar da ajiyar shekara arba'in takarda, waɗanda suka koma gida kuma Benezuwela ta daina aika musu fansho tun wajen 2016. Bayan rikicin kuɗi na 2008, rashin aiki a Sifaniya ya kusa kashi 27 cikin ɗari a farkon 2013, na matasa ya haura 55, masu digiri suka cika Landan da Berlin suna wanke kwanuka da kai abinci tebur. Har yau ma dubban mutanen Andalus na tsallakawa Faransa kowace kaka su yi tsinkar inabi. Sai dai wahalarsu tana da ƙofar fita. Mai digirin da ke wanke kwano yana iya koyon harshe ya nemi aikin da ya karanta ba tare da ya bar ƙasar ba. Jikan da ke Caracas ko Buenos Aires yana iya hawa jirgi ya sauka Madrid a matsayin ɗan gida, kamar yadda dubbai suka yi bayan durƙushewar bankunan Ajantina a 2001. Tsohon da ya haura 65 ba shi da abin hannu kuwa, dokar 2006 ta ba shi haƙƙin tallafin kuɗi da na lafiya daga Sifaniya a can inda yake.

Kuɗin da 'yan Indunusiya ke aikawa gida ya haura dala biliyan 14 a 2023, hukumomi na yi musu kirari da jaruman kuɗin waje. Ana ganin amfaninsa a ƙauyuka: gidan bulo, babur, gonar shinkafa da aka fanso, yarinyar da ta gama sakandare. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Matsalar ita ce in kuɗin ya ƙare babu aikin da zai riƙe mutum a gida, sai a sake sa hannu a wani kwantiragin, uwa ta sake barin 'ya'yanta wajen kaka. Sifaniya kuwa ta daɗe da komawa ƙasar da baƙi ke aika kuɗi daga cikinta zuwa Kolombiya da Maroko da Ekwado.

Akwai wani abu da Jakarta ke da iko a kansa ita kaɗai, wato batun riƙe fasfo biyu. Ɗan asalin Sifaniya yana iya karɓar takardar zama ɗan wata ƙasa ya ci gaba da riƙe tasa. Da ƙasashen Latin Amurka da Fotugal da Filifin ma ba sai ya yi wani dogon bayani ba. Dokar Indunusiya ta 2006 kuwa yara kaɗai ta yarda wa fasfo biyu, su ma sai sun zaɓi ɗaya in sun girma. Saboda haka likita ko injiniyan da ya yi nasara a Singafo ko Ostireliya dole ya zaɓa: ko ya zauna baƙo har abada, ko ya rabu da ƙasarsa, ya rasa har damar mallakar fili da cikakken haƙƙi a garin da aka haife shi. Shugaban hukumar shige da fice ta ƙasar ya bayyana a 2023 cewa 'yan Indunusiya 3,912 ne suka karɓi takardar zama 'yan Singafo tsakanin 2019 da 2022, akasarinsu matasa masu ilimi. Da zarar sun yi haka sun fita daga lissafin 'yan ƙasa, saboda haka alƙaluman da za ka samu a kan 'yan Indunusiya mazauna waje suna zubar da mafi wadatarsu, a daidai lokacin da na Sifaniya ke ƙara kwaso jikokin da suka riga suka zauna da gindinsu. Ka faɗi wannan a fili a cikin aikinka kafin ka jera lambobin gefe da gefe.